Wa Zai Rera Farar Fuska?

Yuncheng, 4 ga Satumba, 1987

Zuwa ga ƙanwata Suyun,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidanki kuna lafiya, aikin masaƙa kuma yana tafiya daidai. Matata Fenlian tana gaishe ki. Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙata alhali sabuwar shekara ba ta zo ba, to ki nemi wuri ki zauna.

Maganar Baba ce. Tun farkon zafi muryarsa ta dushe. Da fari mun ɗauka mura ce, ko kuma yawan waƙar da yake rerawa kowace safiya a lambun gari tare da tsofaffin abokan wasan kwaikwayonsa. Da aka yi wata uku ba ta washe ba, sai na lallaɓa shi muka je asibiti. Likita ya leƙa maƙogwaronsa da ɗan madubi, sannan ya ce Baba ya jira a waje, ya kira ni ciki kamar yadda aka saba. Ya ce akwai tsiro a daidai inda murya take fitowa. Mai yiwuwa ba komai ba ne, mai yiwuwa kuma ciwon daji ne, ba za a sani ba sai an yanke shi an duba. Ya ce kada a wuce wata biyu.

Na fito ina murmushi, na ce wa Baba ɗan ƙurji ne kawai, cire shi bai fi cire ƙaya ba. Ya dube ni ya ce, "To tunda ba komai ba ne, a bar mini kayana." Tun ranar nake fama. Na roƙa, Fenlian ta roƙa, ta dafa masa duk abin da yake so. Ya ci ya suɗe kwano, ya ce a'a.

Ga shawarar da muka yanke. Mu yi abin nan da mutane suke cewa, ɗaya ya rera jar fuska, ɗaya ya rera farar fuska. Ke da kika girma a bayan dandamali ba sai na yi miki dogon bayani ba. A wasa, wanda aka shafa wa ja shi ne mutumin kirki da 'yan kallo suke so, wanda aka shafa wa fari kuma shi ne mugun da ake jifa da ɓawon gyaɗa. A gida kuwa ɗaya ya yi rarrashi, ɗaya ya yi tsawa, har mai taurin kan ya gudu daga wurin mai tsawa ya faɗo hannun mai rarrashi. Haka muke yi wa ɗalibai a makarantarmu, ni da shugaba, kuma yana ci.

Ni ba zan iya ɗaukar fari ba. Kin san ni, ko kaza ba na iya kora da ƙarfi. Ke kuwa kina da baki, kuma shekara shida ba ki rubuta masa ba, ba abin da zai ƙara lalacewa. Ki rubuto masa wasiƙa mai zafi. Ki ce in bai yarda an yi aikin ba, ba za ki sake taka gidan nan ba, ko ranar binne shi. Ni kuma in biyo baya da ruwan sanyi. Amma don darajar marigayiya Inna, kada ki ambaci abin da likita ya faɗa. Tsoho ne, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.

Ki huta lafiya, ina jiran amsarki da gaggawa.

Yayanki,
Pang Dehou


Lanzhou, 11 ga Satumba

Yaya Dehou,

Wasiƙarka ta iso, muna lafiya, a gaishe da Yaya Fenlian. Gaisuwa ta ƙare, mu shiga magana.

Sannu da rabon aiki! Kai ka ɗauki ja, ka miƙo mini fari. Tun muna yara haka kake, kai ne mai raba gasasshen dankali, kai ne mai ɗaukar babban, kuma kai ake yabo da adalci.

Wai ba abin da zai ƙara lalacewa. Ka manta abin da ya lalata shi ne? Wata huɗu Inna tana kwance, kai da Baba kuna rubuto mini tana samun sauƙi, ta fara shan kunun gero, jiya ma ta fito ta sha hantsi. Ita ma abin da kuka riƙa gaya mata ke nan, har da takardar bogi da kuka sa aka rubuta muku, mai cewa gyambon ciki ne. Na sauka daga jirgin ƙasa da ulun da zan saƙa mata rigar sanyi, na tarar da farin ƙyallen makoki a ƙofar gida. Abin da na faɗa muku a gaban mutane ranar nan na faɗa, har yau ban janye ko kalma ɗaya ba.

Amma ba zan ɓoye maka ba, a tsaye gaban inji na karanta wasiƙarka. Zare ya tsinke sau biyu ban gani ba, sai da shugabar sashenmu ta daka mini tsawa. Tsoro nake ji, Yaya. Ina jin haushin tsohon nan, kuma ba na so ya mutu, duka biyun suna nan daram, babu wanda ya kori wani.

Da hutun rana na ba matan sashenmu labarin shawararka. Ka san rabinsu a juye suke faɗar abin? Wai mai jar fuska shi ne mai faɗa, tunda fushi ke sa fuska ja. Muka kusa yin dambe a kan kwanon taliya. Na ce musu ubana shekara arba'in yana shafa farin nan, ni za ku koya wa? Sai da na faɗa na lura da yadda na ce "ubana" da ƙarfi, har na ji kunya.

To, zan rubuta masa. Yau ɗin nan zan kai gidan waya tare da wannan. Amma ba kai za ka zaɓar mini kalmomi ba.

Ka zauna lafiya.

Ƙanwarka,
Suyun


Lanzhou, 11 ga Satumba

Baba,

Ina gaishe ka kamar yadda ya wajaba 'ya ta gai da mahaifinta.

An ce in gaya maka in ba ka yarda an yi maka aiki ba, ba zan zo binne ka ba. Ƙarya ne. Zan zo, kuma zan fi kowa kuka, kuma zan ji haushin kaina a kan haka.

Ga abin da likita ya gaya wa Yaya lokacin da aka ce ka jira a waje. Ba ƙurji ba ne, tsiro ne. Mai yiwuwa ciwon daji ne, irin wanda ya ɗauki Inna, ko da yake nata a ciki yake. Mai yiwuwa kuma ba shi ba ne. Babu wanda ya sani sai an yanka an duba. Wata biyu aka ba ku, kun riga kun ci wajen mako uku a gardama. In an yanka, muryarka tana iya tafiya. In ba a yanka ba, kai da muryar kuna iya tafiya tare.

Shekararka saba'in da ɗaya, ba yaro ba ne kai da za a ɓoye maka magani a cikin zuma. Maƙogwaronka ne, ranka ne, ka zaɓa da idonka a buɗe. In ra'ayina kake so, taurin kai ne kake yi irin na jaki a bakin gada. Kuma ban gama faɗa da kai ba, saboda haka ban ba ka izinin mutuwa ba.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Suyun


Yuncheng, 20 ga Satumba

Suyun,

Ina gaishe ki. Na aiko miki telegiram ɗazu, amma kalma biyar ba za ta ɗauki abin da ke cikina ba.

Me kika aikata haka? Cewa na yi ki tsorata shi, ban ce ki gaya masa gaskiya ba!

Shekaranjiya wasiƙarki ta zo. Ya zauna a tsakar gida a kan 'yar kujerarsa ya karanta, ya juya takardar, ya sake karantawa daga farko. Ina tsaye a gefe da shayi a hannu, na shirya duk kalmomin rarrashina. Ya ɗago kai ya dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a wurinsa ba, ya miƙo mini. Na karanta. Na ce, "Baba, ka san Suyun da ƙarin gishiri." Ya ce, "Fenlian, abinci bai nuna ba?" Ya ci kwano biyu ya tashi.

Jiya da safe ya fita kamar mai zuwa lambu. Har yanzu bai dawo ba. Abokansa sun ce ba su sa shi a ido ba. Akwatin fentinsa yana nan, rigar audugarsa ce kawai babu. Na je tsohon gidan ƙungiyar wasansu. Na hau keke har ƙauye, na duba kabarin Inna, ko sawu babu. Na bi bakin tafkin gishiri da ƙafa ina tambayar ma'aikata. Yau da safe na kama kaina ina leƙa rijiyar bayan makaranta, ina kiran sunansa.

Wannan shi ne dalilin da ya sa ake ɓoyewa, Suyun. Ba don mun raina su ba. Kina can nesa kina jefo gaskiya kamar dutse, mu da muke kusa a kanmu take sauka. In wani abu ya sami Baba, ban san yadda zan ƙara kiran ki ƙanwata ba. Na rubuta wannan, kuma ba zan goge ba.

Ki amsa da zarar kin samu.

Yayanki,
Dehou


Lanzhou, 25 ga Satumba

Yaya,

Gaisuwa da sannu, sannu ƙwarai. Telegiram ɗina ya riga wannan isowa, ka riga ka san yana nan wurina, lafiyarsa ƙalau. Wasiƙarka mai zafi ta zo yau, ban ji haushi ba. Da ni ce na leƙa rijiya, da na rubuta abin da ya fi haka.

Ranar da naka telegiram ya zo, ban san yadda na ƙarasa aiki ba. Na riga na nemi hutu, zan bi jirgin washegari. Ina fitowa daga ƙofar masaƙa da yamma, sai ga wani tsoho zaune a kan ƙunshin rigarsa, yana gardama da maigadi da murya ƙasa-ƙasa. Baba ne. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kin yi ƙiba."

Na ce, "Baba, ka haukace ne? Yaya yana can ya kusa zaucewa!"

Ya ce, "Bar shi ya motsa jini, zaman aji ya yi masa yawa. Ke, ba a ba baƙo ruwa a garin nan?"

Na ja shi gida. Maigidana ya ruga gidan waya, ni kuma na dafa taliya. Sai da ya gama ci ya ajiye tsinken cin abinci, ya ce, "Farar fuska aka ce ki rera, ko?"

Na ce, "Eh."

Ya ce, "Ba ki iya ba. Mai farar fuska maƙaryaci ne, yana yi maka dariya yana haƙa maka rami. Ke ba ki shafa komai ba, da fuskarki ta wanka kika hau dandamali. Da a ƙungiyarmu ne, da an kore ki tun kafin a buga ganga."

Na ce, "To kwana biyu ka yi a jirgi don ka gaya mini ban iya ba?"

Sai ya ce, ga shi nan yadda ya faɗa, da ƙyar ake jin sa:

"Tun da yayanki ya fito daga ɗakin likita na san da magana. Murmushin nan ni na koya masa a bakin gadon uwarku, ni na nuna masa yadda ake ɗaga gira. Ba wuƙar nake tsoro ba, Suyun. Tsorona in farka in ga kowa yana yi mini murmushi, ni kuma ban san ko in sa a ɗinka mini takalmin baɗi ba. Sau uku uwarku ta tambaye ni gaskiyar ciwonta. Sau uku na yi mata wasa, kuma duk rayuwata ban taɓa yin wasan da na iya kamar wannan ba."

Na tashi na shiga kicin, wai zan ɗebo ruwan zafi. Na daɗe ina ɗebo ruwan nan.

Ya yarda a yi aikin, amma a nan, kuma da sharaɗi. Ni zan sa hannu a takardar iyali, ni likita zai kira ciki, kuma duk abin da aka gaya mini in maimaita masa kalma da kalma. Mun je asibiti jiya, an sa ranar biyu ga wata mai kamawa.

Kada ranka ya ɓaci da bai zaɓe ka ba. Shekara shida kai kake wanke masa ƙafa da ruwan ɗumi, ni ina nan ina kumbura baki. Na sani, shi ma ya sani. Sai dai a wannan karon ba rarrashi yake bukata ba.

A gaishe da Yaya Fenlian, a ce mata yana ta kushe girkina yana yabon nata.

Ƙanwarka,
Suyun


Lanzhou, 9 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaishe ka da babbar murya. Ba daji ba ne! Ka sake karantawa, ni ma sai da na sa likita ya maimaita. Tsiro ne irin na masu wahalar da murya, an cire shi kaf, ba abin da ya bazu.

Amma bari ka ji yadda ya kusa kashe ni da hawan jini. Tun da aka yi aikin an hana shi magana na mako biyu, da fensir da ɗan littafi yake ba da umarni, har ya cika rabi da ƙorafin kunu. Jiya sakamako ya fito. Na fito daga ɗakin likita ina jin kamar in yi tsalle, na shiga ɗakin da suke kwance su shida, bakina har kunne. Na ce, "Baba, ba komai ba ne!"

Yaya, fuskarsa ta mutu a take. Ya jawo littafin ya rubuta kalma biyu ya miƙo mini: "Ke ma?" Sannan ya juya ya fuskanci bango.

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Na shigo da murmushi, kuma da kalmominka sak. Na ce na rantse gaskiya ne. Bai juyo ba. Na ɗauko takardar sakamakon na ɗora masa a gaban ido. Ya rubuta, "Na san yadda ake yin irinta." Me zan ce? Ai ya sani ɗin.

Nan fa raina ya ɓaci, ɓacin gaske. Na fizge bargon na ce, da muryar da nake ƙure inji da ita, "Kai dai ka cika fitina, tsohon nan! Kwana shida ina kwana a kan benci, ƙafafuna sun kumbura, an ce ba za ka mutu ba shi ne za ka juya mini baya? Wa ya ce maka ina murna? Shekara goma sha biyar zan ƙara yi ina fama da kai! Tashi ka zauna! Kuma daga yau kai za ka riƙa wanke safarka, ba ni da bawa, ni kuma ba baiwar kowa ba ce!"

Baba ya juyo a hankali ya ƙura mini ido. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi ba sauti, hannu a wuya, hawaye yana bin kuncinsa. Ya yarda.

Sauran mutanen ɗakin kuwa sun sa mini karan tsana. Wata tsohuwa mai jinyar mijinta, da kullum muke raba ruwan zafi, ta janye tulunta ta ce, "Tir da haihuwar irinki." Ka tuna lokacin da ƙungiyarsu take yawon ƙauyuka, ana raba 'yan wasa gida-gida don cin abinci, babu mai son karɓar Baba saboda muguntar da ya yi a dandamali? A bakin ƙofa ake miƙo masa sanyayyen kwano, shi kuma ya dawo yana taƙama. To jiya ya dubi tsohuwar nan, ya dube ni, ya rubuta: "Sun tsane ki. Yanzu kin fara iyawa."

Na yi barci jiya kamar an zare mini ƙashi. Ku ma ku yi.

Ƙanwarka,
Suyun


Lanzhou, 28 ga Oktoba

Dehou,

Ina gaishe ka, da Fenlian.

Na fara magana. Likita ya ce magana za ta dawo duka, waƙa ba za ta dawo ba. Ƙanwarka ta gaya mini a tsaye, ba ta rage ko kalma ba. Na yi baƙin ciki kwana biyu. A rana ta uku na ji yunwa.

Na sa ka leƙa rijiya, ban kyauta ba. Abin da ka yi mini kuma ba laifinka ba ne, ni ne malaminka.

Zan dawo kafin ƙanƙara ta sauka. Kafin nan ka rubuto mini. Ba labarin yanayi ba, ba "komai lafiya" ba. In kana jin haushina, ka faɗa. Ka wanke fuska tukuna, sannan ka ɗauki alƙalami. Ina so in ji ɗana.

Ku zauna lafiya.

Mahaifinka,
Pang Jinkui